Tsohuwar da Rabab ta Fito a Matsayinta

A shekarar da Rabab ta shiga aji biyu na babbar sakandare a garin Mansura na ƙasar Masar aka raba musu wani tsohon littafin soyayya na Turawan Ingila, mai kauri, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. Yawancin 'yan ajin taƙaitaccen bayanin da ake sayarwa a bakin makaranta suka haddace. Rabab kuwa shafi-shafi ta bi shi, don a gida akwai mai jiran labarin.

Halti Ihsan yayar mamanta ce, ba ta taɓa aure ba. Ita ta yi jinyar iyayensu har suka rasu, sannan ta dawo gidan ƙanwarta, aka ba ta ɗan ɗakin da ke jikin kicin. Ita ke girki, ita ke guga, ita ta raini Rabab. Kafin ta yi magana sai ta yi gyaran murya ta taɓa bakin ɗankwalinta, in tana tafiya kuma takan ja ƙafar hagu saboda ciwon gwiwa.

Da la'asar sukan zauna a baranda, Halti na tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, Rabab na karantawa tana juya mata da Larabci.

"To, ya faɗa mata yana son ta?"

"Bai faɗa ba, Halti. Ya hau dokinsa ya tafi."

"Wannan bawan Allah akwai nauyin baki. Ita kuma kullum yawo cikin ruwan sama. Ba ta da uwar da za ta ce mata shigo ciki?"

A cikin littafin akwai wata tsohuwa, 'yar uwa ta nesa ga mai gidan, wato mai dokin nan, wadda ba ta yi aure ba. A ƙuryar babban gidan take zaune, tana saƙa, tana bin mutane da gargaɗin sanyi. Duk inda ta fito sai an mayar da ita abin dariya. In Rabab ta iso irin wuraren nan sai ta tsallake, ta ce bayanin gonaki ne kawai. Halti kuwa tsohuwar ta shiga ranta. "Ina baiwar Allahn nan?" takan tambaya. "An kira ta cin abinci kuwa?"

Da zango ya kusa ƙarewa, malamar Turanci, Abla Mirfat, ta ce za su mayar da wani sashe na littafin wasan kwaikwayo a ranar iyaye. Rabab ta sa rai ita za ta fito a budurwar littafin. Sai aka ba Shirin, mai dogon gashi, wadda ko bangon littafin ba ta buɗe ba.

"Ke ki ɗauki tsohuwar," in ji Abla. "Amma dariya nake so, kin ji?"

A gwajin farko ko murmushi babu wanda ya yi. Abla ta ce, "Rabab, sanarwar rasuwa kike karanta mana?" Shirin ta rufe baki tana ƙyalƙyala. Ran Rabab ya ɓaci. Da aka sake gwadawa, ba tare da ta shirya ba, sai ta yi gyaran murya, ta taɓa bakin ɗankwali, ta ja ƙafar hagu ta ratsa gaban ajin. Ajin ya kece da dariya, Abla har da hawaye.

Ba a taɓa kallon Rabab haka ba, kuma abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Kullum sai ta zo da ƙari: yadda Halti ke share kujera da tafin hannu kafin ta zauna, yadda take sunsuna kofi kafin ta sha shayi. In zuciyarta ta soma damunta sai ta ce ai Halti ba ta fita, gwiwarta ba za ta iya hawa benen makaranta ba. Rigar wasan ma Halti ce ta ɗinka mata, daga wata tsohuwar rigarta.

Ranar wasan, Rabab na fitowa kan dandamali ta hango Halti. Tana zaune kusa da Mama cikin shuɗiyar rigar da take adanawa don biki, tana murmushi. Rabab ta so ta miƙe ta yi tafiyarta daidai, amma ido ya yi mata yawa, Abla na yi mata alama daga gefe, ƙafar kuma ta riga ta saba. Ta ja ta. Zauren ya ɗauki dariya. Ta share kujera, ta sunsuna kofi, dariya ta ƙaru. Wata maƙwabciyarsu ta waiwaya ta dubi Halti, ta taɓo ta kusa da ita. Halti ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma a hankali murmushin ya bar fuskarta.

Bayan an tashi Abla ta rungume Rabab a gaban iyaye. "Ke kika riƙe wasan nan. Wai a ina kika samo wannan tsohuwa?"

Halti na tsaye a wurin. Ta soma gyaran murya sai ta haɗiye shi. Hannunta ya tashi zai kai ga ɗankwali, ta mayar da shi ta riƙe jakarta.

"Kin iya, 'yata," ta ce. "Ban san kina kallona haka ba."

A gida Mama ta rufe Rabab da faɗa, Halti ta fito daga kicin ta ce a ƙyale yarinya. Rabab ta bi ta ɗaki tana kuka tana ba ta haƙuri.

"Haƙurin me? Ƙarya kika yi? Tashi ki ci abinci."

Ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da Rabab ta fi samun sauƙi. Magana dai ta rage, domin duk sanda za ta buɗe baki sai ka ga tana lura da kanta. In akwai mutane a falo takan jira su watse kafin ta wuce. Mulukiyarta ma a kicin ta koma tsinkewa. Kafin zafi ya shigo ta ce matar ƙaninsu da ke garin Dumyat na buƙatar mai taya ta da yara. Mama ta roƙe ta kada ta tafi, Halti ta ce ai kwana kaɗan za ta yi. Ba ta dawo ba, sai gaisuwa ta waya a lokacin Sallah.

Rabab ta ƙarasa littafin ita kaɗai. An ɗaura auren budurwar da mai gidan, an lissafa duk waɗanda suka halarta, ba a ambaci tsohuwar ba. A jarrabawa aka tambaye su yadda tsohuwar ta ƙara wa labarin ban dariya. Rabab ta daɗe riƙe da biro, sannan ta rubuta amsar da Abla ta koya musu, ita ce kuma ta zo ta ɗaya a ajin.