Ƙarfen Cikin Safa

Rwang ya ɗaga ƙarfen da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kasa kunne. Ƙarar ta fito a dishe, kamar ta fasasshiyar tukunya.

"Ka ji ko? Ya tsage," ya ce wa ɗansa Zion yana murmushi.

Shekarar yaron goma sha tara, haifaffen unguwar Plumstead a ƙasar Turawa, amma bai taɓa leƙo garejin da ubansa ke walda ba, ƙyamar baƙin mai yake yi. Yau da hantsi sai ga shi da wani ƙarfe mai tsawon tafin hannu a cikin safa, wai na babur ɗin abokinsa ne. Murna ta hana Rwang yin tambaya. Ya shafa wa ƙarfen kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli kamar yadda maigidansa ya koya masa a Jos. Can sai tsagar ta bayyana, siririya kamar silin gashi.

Sai ya kai shi hanci, kamar yadda ya saba yi wa kowane ƙarfe. Ya sake shinshinawa. Albarushi! Rabonsa da wannan warin tun ranar rikicin Jos da ya ɗauko ƙanensa Obadiah a kafaɗa, jini na bin bayansa. Ya sake juya ƙarfen. Babu babur ɗin da ke da irinsa. Na cikin doguwar bindiga ne, wadda ba a tsayawa ɗana ta bayan kowane harbi.

"Zion. Na wane ne?"

"Daddy, please, just fix it."

"Da Hausa za ka gaya mini!"

Yaron ya koma Hausa. "Wasu 'yan daba ne suka ba ni ajiya, Baba. Sun ce a hannuna ya lalace. In ban kawo shi gyararre ba... sun san flat ɗinmu. Sun san bas ɗin da Mama take hawa."

* * *

Rwang ya leƙa ta ƙasan ƙofar garejin. Wata mota ruwan toka tana tsaye a ƙetaren titi, inji a kunne, gilasai baƙaƙe. Su ne, suna jira.

Aikin minti ashirin ne, ya sani. In ya yi, wani uba a unguwar Woolwich ko Peckham zai ɗauki gawar ɗansa. Daga nan kuma ba za su daina aiko masa da safa ba. In ya kira 'yan sanda, Zion za su fara tafiya da shi. Ashe ya gudo da iyalinsa daga bakin wuta ne ya kawo su inda take ci ba hayaƙi?

Ya ɗaure ƙarfen a kan teburi, ya kunna wutar walda. Zion ya sauke ajiyar zuciya.

Rwang ya ɗora bakin wutar a tsakiya, bai ɗaga ba. Ƙarfen ya yi ja, ya yi fari, ya fara ɗiga a ƙasa.

"Baba! Me ka yi? Ka kashe ni!"

"Ni na ɓata, ba kai ba. Kulle ƙofa in na fita. Kira uwarka, kada ta dawo gida yau."

Ya ɗauki dunƙulen da awartaki, ya fita cikin yayyafi, ya nufi motar. Ruwa na sauka a kan ƙarfen yana cuu. Yana tsakiyar titi gilashin motar ya fara sauka a hankali.