Zane Biyu na Tasalla

Ƙanena Basharu malamin gona ne a hukumar En'e ta Gwandu, kuma tsarinsa har ya yi yawa. Shekarar da ya ce zai kai iyalinsa Kaduna buɗe ido bayan kaka, sai da kowa ya haddace hanyar a bakinsa: mota zuwa Sakkwato, wata zuwa Gusau, can a hau jirgin ƙasa. Yaransa Khalilu da Jummai za su ga fitilar da ba ta shan kananzir. Matarsa Indo kuwa tuni ta cika kwando da ƙuli-ƙuli da dambun nama.

Wadda ba a ambata ba ita ce Tasalla, ɗiyarsu ta fari, da nake riƙo a Kalgo tun yaye. Kun san halinmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, balle a nuna ana son sa. Yarinya ta ji labari a bakin 'yan kasuwa, ta ture akushi.

"Inna, ni ba ɗiyarsu ba ce?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Ci tuwonki. Kaduna kin je kin gama."

Ba a yi mako ba sai ga Basharu bisa keke, gumi sharkaf. Ya yi ta zuba kan shinkafar fadama, kamar ni ce Joji, Baturen mulki. Da zai tashi ya ajiye ƙunshi.

"Yaya, ga wannan, ko akwai mai buƙata a gidan."

Na kwance, zane ne sabo fil, shuɗi.

"Wace ce mai buƙatar?"

"Ke dai kin sani," in ji shi, ya haye kekensa.

Ranar kasuwa kuma sai Laraba dillaliya ta yi sallama da saƙon Indo: jan zane, da cewa wai tana neman mai riƙe mata goyo a hanya, kuma kada maigida ya ji. Goyon me? Autarta Jummai har ta fara famfara! Na yi dariya har da hawaye. Miji da mata, ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda.

Ranar tafiya na kai ta tashar Gwandu da kaina. Na sa ta ɗaura shuɗin, ta yafa jan, don kowa ya ga aikinsa.

Basharu ya dubi jan zanen, ya dubi matarsa. Indo ta dubi shuɗin, ta sunkuyar da kai. Tasalla ta tsaya gindin mota tana rarraba ido, ta rasa wanda zai ce mata hau.

Na buɗe baki zan sauke musu kwandon faɗa, sai Indo ta ɗauke kwandon guzurin daga kan bencin motar. Ashe tun safe wuri take tsarewa da shi.

"Ke wannan," ta ce, fuskarta na kallon wani gefen, "zauna."

Da mota ta tashi na leƙa ta tsakanin katakon jikinta. Indo ba ta waiwayo ba har yanzu, amma a ƙarƙashin mayafi ta damƙe hannun yarinyar gam, hawaye na bin kuncinta.