Ruwan Wankin Gishiri

Duk unguwar babu wanda bai san tsabtar Kaltumi ba. Mace ce da za ta wanke tukunya, ta koma ta wanke soson da ta wanke ta da shi. Mijinta Aisami, mai sayar da fatu a kasuwar Gure, yakan ce ranar da ta rasa abin wankewa shi za ta jiƙa.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, maƙoƙon da ya fito mata a wuya bayan haihuwarta ta ƙarshe. Ba ya ciwo, kuma daga nan har Bune mata da yawa na da irinsa. Amma ya hana ta sa murjanin da mahaifiyarta ta bar mata, don zaren ya daina zagaye wuyan. Sai da ta ƙara masa wani guntun zare a ɓoye, tana rufe ƙarin da mayafi, kuma duk sanda hannunta ya taɓa wurin sai ranta ya sosu. Ga bikin 'yarta Zulai an sa baɗi bayan kaka. Ta ci burin ranar ta ɗaura murjanin a kan ƙullin mahaifiyarta na asali.

A shekarar ne aka fara kawo gishiri mai sinadarin iyod kasuwa. Kaltumi ta je asibiti. Majo Ma'azu, babban ma'aikacin jinya da aka turo daga Tawa, ya lallatsa wuyanta, ya tambaye ta ko tana jin sanyi da kasala. Ta ce ko da bazara sai ta lulluɓa.

"Ya Kaltumi, a nan akwai wata 'yar tsoka," in ji shi. "Ita ke haɗa sinadarin da ke hura wutar jiki, kuma ba ta iya haɗa shi sai da iyod. In ta rasa, ƙwaƙwalwa ta dinga aiko mata da saƙo ta ƙara ƙoƙari, ita kuma ta yi ta kumbura a banza. Ki bar gishirin manda, ki koma sabon gishirin. Naki bai tsufa ba, in Allah ya so zai ragu."

Ta koma sabon gishiri tun ranar. Damina ta zo ta wuce. Maƙwabciyarta, wadda ko tsakar gida ba ta sharewa da kyau, maƙoƙon wuyanta ya fara saɓewa. Na Kaltumi kuwa yana nan daram. Abin da ya yi kyau a gidan kawai jar akuyarta ce: gashi na sheƙi, tsalle kamar 'yar shekara ɗaya, ƙarshe ma ta zubo tagwaye.

Wata ranar kasuwa Majo ya biyo gidan gaida Aisami. Yana shiga ya ci karo da tabarma a rana, an baza wani abu fari fat a kai.

"Wannan fa?"

"Gishirinka ne mana," in ji Kaltumi, tana jin daɗin an gani. "Ka san yadda yake zuwa, duk ƙasa da ƙurar mota. Sai na ɗauraye shi na shanya, yadda Inna ke yi. Ni ba na zuba datti a miya."

Majo ya dafe kai. "Ya Kaltumi, iyod ɗin a bayan ƙwayar gishirin ake fesa shi. Ruwa na taɓa shi ya tafi da shi. Ina kike zubar da ruwan wankin?"

"Zubarwa? Ruwan gishiri guda? Akuya nake ba."

Su uku suka juya. Jar akuya na tsaye tana tuƙa, tagwayenta na tsotso. Aisami ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe bango. Kaltumi ta so ta yi fushi, amma dariyar ta ci ƙarfinta.

Daga ranar ta daina wankewa, ko da yake ba a son ranta ba. Takan tsince tsakuwar da hannu tana tsaki, ta rufe sauran a kwalba nesa da rana. Sanyi ya fara sakinta, ta koma tashi kafin kowa. Maƙoƙon bai ɓace duka ba, amma yana ja da baya a hankali.

Da safiyar biki ta kira Zulai ɗaki, ta miƙa mata murjanin da reza.

"Yanke ƙarin nan."

"Inna, in bai kai ba fa?"

"Yanke dai."

Zulai ta yanke, ta zagayo da zaren ta baya, ta ja. Ya ɗan matse, amma bakin ya haɗu da tsohon ƙullin. Kaltumi ta kai yatsa ta shafa wurin, idonta ya cika. Sannan ta fito tsakar gida ba mayafi a wuya, ta ce a zuba wa jar akuya dusa kafin baƙi su iso.