Zane Uku a Gilashin Baba Mamman

Teburina yana ƙarƙashin wata darbejiya, gaban wani kantin 'yan gayu a Nassarawa. Daga Gama nake tahowa kullum da safe, in shimfiɗa kayan aikina, in zauna ina jiran masu kuɗi su ya da agogo. Sunana Falalu, amma Dakta direbobin layin suke ce min, saboda madubin da nake maƙalawa a ido ɗaya.

Wata Talata, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wata mata ta faka mota ta miƙo min agogo ta taga. Tsohon agogo ne mai wani, irin wanda sai ka murza masa kai kullum kafin ya yarda ya yi tafiya. Gilashin ya rabe biyu, ga zane ko'ina. Ta ce sunanta Loretta, agogon na kukun babanta ne, in canja gilashin kafin ta fito daga kanti.

Na ce, "Anti, wannan ai ya girme ni. Sai na yi masa sallama kafin in buɗe shi."

Ba ta yi dariya ba. Daga baya na ji nas ce.

Cikin minti ashirin na gama. Na zare tsohon na jefa a gwangwanin madarar da nake tara matattun gilasai, na sa sabo fes, har na ƙara da goge zoben da ke riƙe gilashin kyauta. Ta karɓa ta tafi.

Washegari da hantsi sai ga wani tsoho, gajere, yana ƙanshin albasa, da agogon a hannunsa. Ya tsaya a kaina ya tambaya ko ni ne yaron da ya ɓata masa agogo. Na ce Baba, in wannan ɓatawa ce, Allah ya sa a ɓata ni haka. Ya ce shi tsohon gilashinsa yake so.

Na ba shi benci. Sai da ya leƙa hagu da dama tukuna ya yi magana, ƙasa-ƙasa. Shi ne Mamman, mutumin wani ƙauye bayan Ringim. Shekararsa talatin da ɗaya yana dafa wa Oga Fabian abinci, wani tsohon ma'aikacin banki ɗan Zonkwa. Yanzu Oga yana da ciwon sukari, ga mantuwa, magani sau uku a rana, kuma kowanne da lokacinsa da abincinsa. Shi kuwa Baba Mamman bai iya karanta agogo ba. Bai taɓa iyawa ba. Marigayiya matar Oga ce kaɗai ta sani, ita ta ɗauki allura ta yi masa zane uku a kan gilashin. In gajeren hannu ya hau zane, sai ya kai magani.

Jiya da yamma ya duba agogo ya ga wayam. Ya yi kirdado da rana, ya ba da maganin da wuri, tuwo bai nuna ba, Oga ya kama rawar jiki da gumi a gaban 'yarsa. Ita kuwa Loretta dama abin da ya kawo ta Kano ke nan. Tun rikicin Kaduna hankalinta bai kwanta ba, so take ta kwashe uban ta mayar da shi Zonkwa. Oga ya ƙi, hujjarsa ɗaya, Mamman bai taɓa saɓa masa lokaci ba. Yanzu ta ce za ta sa ido zuwa Lahadi. In aka sake, a mota za ta sa uban, a rufe gida.

Na ce to ya faɗa mata gaskiya mana.

"In ce wa nas mai ba ubanta magani bai san ƙarfe ɗaya ba?" Ya girgiza kai. "Kai dai nemo min gilashina."

Na zazzage gwangwanin a kan tebur. Gilashi ya fi ɗari, kuma kowanne da zanensa, ai shi ya sa aka cire su. Na ce Baba, zo ka nuna ɗanka a cikin jama'a. Muka yi ta ɗagawa muna haskawa a rana. Tanko mai shayi ya leƙo ya tambaya ko zinare ya faɗi, na ce masa haƙorin Baba muke nema. Can na sami ɓari ɗaya, Baba ya sami ɗayan. Da na haɗa su sai ga su nan, zane uku miƙaƙƙu masu zurfi, daban da sauran ƙuje-ƙujen.

Baba ya ce alhamdu lillahi. Na ce ya ɗan dakata da hamdalar. Gilashi zagayayye ne, ba shi da sama ba shi da ƙasa. Na ɗora shi a kan agogon na juya masa ya gani: zanen nan zai iya hawa biyu, zai iya hawa tara, duk inda na ga dama. Ni kuma da na cire ban duba yadda yake zaune ba, wa zai duba? Na tambaye shi ko ya tuna wace lamba ke ƙarƙashin kowane zane. Ya kalle ni. Na ce yi haƙuri, tambayar banza na yi.

Sai na tambaye shi yadda aka yi ya fashe. Ya ce Oga ne santsi ya kwasa a banɗaki, shi Baba ya tare shi, hannunsa mai agogon ya daki bakin famfo. Na maƙala madubina na bi zoben agogon a hankali. Kusa da lamba huɗu akwai 'yar lotsawa sabuwa, wadda gugata ta jiya ba ta share ba. A gefen tsohon gilashin kuma akwai inda ya ɓalle, daga nan tsagin ya tashi. Na daidaita ɓallin da lotsawar. Zane na farko ya zauna cif a kan bakwai, na biyu a kan ɗaya, na uku a kan shida.

Na ce, "Baba, marigayiya Madam ba ta yi aikin wasa ba. Da na yi kuskure, da a tsakiyar lambobi za su faɗa."

Na ɗauki tsinin hantsakina. Gilashin da na sa jiya da hannuna, na zauna ina yi masa zane, zuciyata tana ciwo. Na cusa baƙin biro a ciki don ya fito sosai. Baba ya ɗaura, ya duba, ya ce gajeren ya kusa zane na biyu, bai ko tsaya sallama ba.

Ran Juma'a da rana motar ta dawo. Loretta ce, Baba Mamman yana baya da kwandon cefane. Ta fito da shi har gaban teburina, ta kama hannunsa ta nuna min. Wane irin gilashi na sa mata, kwana uku har ya zane? Na ce Anti, kayan yanzu ne, ko harara ka yi musu sai su zane, kuma ba ya hana ganin lokaci. Na ci gaba da zuba, har na ɗora wa 'yan kwastan laifi.

Ba ta saurare ni ba. Ido ta zuba wa zanen, ta daɗe. Ita ce fa mai riƙe da katin asibitin uban, ta san lokutan maganinsa.

Ta ce, "Baba Mamman, ƙarfe nawa yanzu?"

Ya duba. "Saura kaɗan maganin rana. Gara mu tafi, ban ɗora shinkafa ba."

Ta duba nata. Ɗaya saura ashirin da biyar. Ta saki hannunsa, ta ce ya shiga mota tana zuwa. Da ya rufe ƙofa sai ta rage murya ta tambaye ni, in likita ya canja lokacin magani fa? Na ce sai a kawo min, in sa sabon gilashi, in yi sabon zane, aikin rabin awa ne. Ta ce in rubuta mata sunana da inda nake zama in ba na nan. Na rubuta a bayan kwalin batir.

Ran Litinin Baba Mamman ya biyo zai je kasuwa, ya ajiye min ƙullin cincin a leda. Ya ce Loretta ta tafi jiya bayan coci, ita kaɗai, sai Kirsimeti. Oga yana gida yana faɗa wai an cika gishiri a miya.

Na ce ya zauna minti goma in koya masa agogon gaba ɗaya, lamba goma sha biyu ce kawai, ko Tanko ya iya. Ya ce shi uku sun ishe shi, ya ɗauki kwandonsa.