Bangon Gwaji

Ɗakin da Hammadu ya gina wa mahaifiyarsa da albashinsa na farko na bulo ne da siminti, da rufin kwano mai ƙyalli, kuma a ƙauyensu da ke bayan Kabo babu wanda bai zo ya shafa bangon ya sa albarka ba. Abin da kowa ya kama bakinsa a kai shi ne, da bazara ta kama ɗakin nan murhu yake komawa.

Inna Asiya ba ta taɓa kuka da shi ba. Ta yaya ma za ta yi? Hammadu ɗan farinta ne, su kuwa asalinsu makiyaya ne da suka jingine sanda suka ɗauki fartanya. Fulatancin ya daɗe da tafiya, amma kunyar tana nan daram. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta gaya masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta dubi autarta Lailatu, wadda ke aure a maƙwabta, ta ce, "Gaya wa wancan," ko da wancan ɗin yana durƙushe a gabanta.

A shekarun nan na tsuke bakin aljihu azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa. A azumin bara Hammadu ya dawo daga Gwarzo, inda yake koyar da gini a wata makarantar koyon sana'a, ya tarar da tsohuwar kwance a kan dandaryar siminti, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, tana numfashi sama-sama. Lailatu ta ja shi gefe ta ce ba yau ne farkon sumanta ba. Ya tsaya yana kallon kwanon da ya yi alfahari da shi, kunya ta rufe shi. A nan ya ƙudura cewa azumi mai zuwa ba zai same ta a ɗakin nan ba.

To, amma da me za a yi sabon? Siminti ya zama abin kallo daga nesa, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Hammadu mutum ne mai kwana da tunani ya tashi da shi, har ɗalibansa suna cewa in ya ƙura wa bango ido sai bangon ya tsargu. Dabarar da ya fito da ita ita ce ya kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin dawa, ya buga bulo, ya gasa. Wuta ta cinye ƙaiƙayin, ta bar 'yan ƙofofi birjik a cikin bulon. Zafi ba ya ratsa irin wannan bulo. Ka ajiye shi a rana tun safe, ka taɓa bayansa da azahar, ka ji shi kamar gindin randa. Sai dai ba shi da nauyi, abin da ke damun Hammadu ke nan. Rufin soro yake so ya yi, azara da ƙasa mai kauri, kuma ƙasar rufi in ta sha ruwan damina ba ta san wasa ba. Shin bulon da rabinsa iska ce zai ɗauke ta?

Saboda haka bayan girbi ya gina wasu gajerun banguna guda biyu a bayan gidansu, suna kallon juna, ya gitta azara a kansu. Ya bayyana wa ƙanin mahaifinsa, Baffa Sajo, cewa zai jibga musu nauyin da ya ninka na rufi, ya bar shi har gab da azumi. Wani bangon yakan ɗauki kaya yau ya yi ta murmushi, sai bayan watanni ya gaji. Yashi ya yi niyyar zubawa a buhuna.

Baffa Sajo ya ce, "Kai da rafi ina, kai da jaki ina? Ga hatsi ya shigo gari, kowa yana neman inda gara ba za ta kai ba. Ka bar mini wannan."

Kafin la'asar maƙwabta sun yi layi da buhunan dawa da gero. Kowa yana so a ce da hatsinsa aka gwada ginin Malam. Har Indo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta sa aka kawo nata. Aka jera su har suka fi tsayin mutum, aka rufe da zana. Azara ta ɗan lanƙwasa, bangunan suka yi shiru.

Daga nan rayuwar Hammadu ta koma tsakanin Gwarzo da bangunan nan. Duk ƙarshen mako zai taka kekensa ya zo, ya gaishe da Inna ta bakin Lailatu, ya wuce wurin gwajinsa. Ya saki zare mai dutse a baki ya ga ko bango ya karkata, ya bi layin kwaɓi da yatsa yana neman tsaga. Da farko ya ga ɗan motsi, kamar kaurin farce. Da sanyi ya wuce sai motsin ya tsaya cak. Daga baya ma har ya lura azarar da ta lanƙwasa ta soma miƙewa. Mutum in yana son abu ya tabbata, ba ya rasa bayani: ya ce wa kansa itacen ne ya bushe ya yi ƙarfi. Tsibin ƙaiƙayin da ya tara don buga bulo shi ma yana ta raguwa fiye da aikin da yake yi, wannan kuma ya ɗora wa awaki.

Da ƙarfin gwiwar nan ya tayar da bangon sabon ɗakin har ya kai tsayi, saura rufi. A waje kuwa hatsi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Hammadu ya san da haka, a Gwarzo ma haka ake. Abin da bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba shi ne, me ya sa har yanzu babu wanda ya zo neman buhunsa.

Ana saura 'yan kwanaki a ga wata ya kira gayya, a sauke buhuna a soma rufi. Jama'a suka taru da hantsi, aka yi gaishe-gaishe, aka yaye zana. Sai wani abin mamaki: samarin da ke rige-rigen ɗaukar kaya duk suka noƙe. Wannan bayansa ke ciwo, wancan yana gyara zariyar wando. Baffa Sajo ya shiga ba da labarin wata saniya da ya taɓa mallaka, wadda babu wanda ya tambaye shi.

Hammadu ya yi dariya ya hau da kansa. Ya gyara tsayuwa, ya kama kunnuwan buhun sama, ya tattara ƙarfinsa ya ja. Buhun ya taso masa kamar matashin kai, saura kaɗan ya kifa ta baya.

Ya danna na kusa da gwiwarsa, ya ji ya lotsa. Na gaba ma haka. Sai can ƙasa ya taɓa 'yan ƙalilan masu tauri. Ya duba bakin buhun da ke hannunsa. An farke shi an sake ɗinkewa, ba da ɗinkin basilla na 'yan kasuwa ba, da wani ɗan ƙaramin ɗinki mai giciye, irin wanda ake yi wa ƙwaryar nono in ta fashe. Duk ƙoren gidansu da wannan ɗinkin ya tashi ya gan su.

Nan take ya ga komai. Yunwa ta shigo, mai hatsi yana bukatar hatsinsa, amma wa zai iya buɗe baki ya ce wa Malam ya dawo da abin da aka ba shi da hannu biyu? Sai su bi ta wurin Inna. Ita kuma ba za ta hana mutum abincinsa ba, ba za ta bar bangon ɗanta tsirara a ce gwajinsa ya watse ba, ba kuma za ta iya gaya masa ba. Sai ta juye hatsi, ta ɗura ƙaiƙayi, ta ɗinke. Watanni ke nan yana auna bangon da ke ɗauke da iska.

Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa ji ba. Bayan ɓacin ran sai tsoro ya biyo, wanda ya fi shi sanyi. Da samarin nan sun yi ta maza sun sauke kayan suna nishin ƙarya, da yau an ɗora azara da ƙasa a kan tsohuwar nan, kowa yana sa albarka. Ya dubi mutanen. Duk idonsu yana ƙasa. Indo tana can bakin danga ta rufe baki da mayafi. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Sai Hammadu ya sunkuya, ya ɗora buhun ƙaiƙayin a kafaɗa, ya yi nishi, ya sauko da shi a hankali yana tangaɗi kamar mai ɗauke da dutse. Ya dire shi, ya share goshi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Baffa, bango ya ɗauki hatsi. Yanzu saura yashi. Ba za a yi rufi yau ba."

Baffa Sajo ya ɗago kai a karo na farko. Ya ce, "Haka ne, Malam. Ai dama yashi ya kamata. Jakuna kuwa ko na waye a garin nan, naka ne."

Bayan la'asar ya shiga cikin gida ya durƙusa a bakin ɗakin kwanon. Inna tana ciki ta juya masa gefe tana tsince wake, Lailatu tana zaune a dokin ƙofa.

Ya ce, "Lailatu, ki gaya wa Inna ɗaki ba zai samu ba kafin azumi. Ta yafe mini."

Inna ta ce, "Gaya wa wancan, na yi azumi a rana tun ba a san za a haife shi ba."

"Ki tambaye ta, ko ke ba za ta iya aikowa ki gaya mini ba?"

Lailatu ta ce, "Wannan ni zan amsa, Yaya. Rantsar da ni ta yi."

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Gaya masa Indo ce ta fara zuwa, da ƙwarya a ɓoye cikin mayafi. In ce mata hatsinta yana aiki? Kuma gaya masa, ko da me ya rufa ɗakin nan, ni mai shiga ce in kwanta."

Hammadu ya ɗaga kai ya dubi rufin kwanon da ke samanta. Sannan ya ce, "Ki gaya mata abin da ya fi ba ni tsoro ke nan."

Aka yi jigilar yashi daga rafi, aka cika buhunan nan, wannan karon shi ya ɗaga kowanne da hannunsa. Azara ta sake lanƙwasawa. Ya kafa wa Inna rumfar zana a gindin darbejiya don ta riƙa yini a ciki, ya koma Gwarzo. Aka ga wata. Rana ta buɗe kamar da gayya, kuma duk lokacin da ya tsaya gaban allo da azahar, hankalinsa yana can ƙarƙashin kwanon nan.

Azumi ya kusa rabi ya dawo wata Alhamis da yamma, leɓɓansa a bushe. Lailatu ba ta nan, ɗanta ba shi da lafiya. Ya jingine keke yana tunanin ta bakin wa zai yi gaisuwa, sai ya ga Inna tsaye a hanyar wurin gwajinsa. Ta rame. Ba ta kauce ba kamar yadda ta saba. Ta juya ta yi gaba, ya bi ta.

A gindin bangon hagu akwai wani kasko cike da kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa, an daidaita launinta da na bulon sarai. Ta bushe ƙamas, da shatin yatsu a kanta inda aka ɗebo aka mayar. Sama da kaskon, daga inda azara ta zauna, wata tsaga ta gangaro tana bin layin kwaɓi, ta ratsa bulo biyu ta tsakiya, faɗinta ya isa a zura tsinke.

Hammadu ya sa yatsa a ciki. Aikin shekara guda ke nan, da ɗakin da ke tsaye yana jiran rufi, duk sai an sake lale: a rage ƙaiƙayi, a ƙara kauri, a sake gwaji. Ya ji baƙin ciki, ya kuma ji sanyi a ransa da ba a kan tsohuwar tsagar ta fito ba. Ya tsuguna a gindin bangon.

Inna Asiya ta dubi dama, ta dubi hagu, babu Lailatu, babu kowa da za a ba saƙo. Sai ta dube shi, shi ɗin kansa.

Ta ce, "Tun shekaranjiya ya tsage. Na kwaɓa ƙasar in liƙe, na kasa. Ka duba da kyau, ban taɓa maka shi ba."