Biskit Ɗin Magini

Kwana tara da dawo da Umma gida daga asibiti, abin da ya shiga cikinta bai kai a kira shi abinci ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta. Hannun dama ya daina aiki, ƙafar dama haka, magana ma ta tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Haɗiya dai tana iyawa in abu mai laushi ne, likita da kansa ya gwada ya gani. Matsalar ita ce ba ta so. Kina kawo cokali kusa da bakinta za ta datse leɓe, ta juya fuska wajen bango, ta bar ki da hannu a iska har romon ya huce.

Ranar Alhamis da muka koma ganin likita, ya duba nauyinta. Daga nan ya ce in Litinin ta yi ba ta fara ci ba, za a sake kwantar da ita a saka mata robar ba da abinci ta hanci. A gabanta ya faɗa, ta kuwa ji. Hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya. Sai Baba ya durƙusa gaban keken marasa lafiyan da take kai, bai damu da likita ko nas ba, ya ce, “Ba za a saka miki ba, Injiniya. Na yi miki alkawari.”

Injiniya yake ce mata tun kafin a haife mu. Baba magini ne, shekara arba'in yana ɗora bulo yana shafe bango, kuma yakan ce mutum biyu ne kawai a duniya ke duba aikinsa su ce bai yi ba: injiniyan wurin gini da wadda ya tarar a gida. Ta gidan, in ji shi, ta fi tsanani, don ita ba ta zuwa hutu.

Ni ce auta, ni ce kuma na ɗauki hutu daga wurin aiki na dawo jinya, don yayyena duk suna nesa, nasu bai wuce waya da shawara ba. Ba zan ɓoye ba, alkawarin nan na Baba ya ba ni haushi. Ni nake dafawa, ni nake riƙe cokali, ni nake zubarwa. Na gwada lallashi, na gwada faɗa, na gwada kuka, duk a banza. Shi kuwa da ko ruwan shayi sai an dafa masa, ya buɗe baki ya yi alkawarin da ba shi da hanyar cikawa.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi da ƙaramin buhun fulawa a kafaɗa, ya dire shi a tsakiyar kicin yadda ake dire siminti. A ɗaya hannun leda ce, da bota da ƙwai da sukari da madara.

“Biskit ɗinta zan yi,” in ji shi.

“Kai, Baba?”

“Kin ga wani a bayana?”

Biskit ɗin Umma ba irin na kanti ba ne. Mai laushi ne, fari sol, in ka gutsira ba ya ƙara, narkewa yake yi. A samansa takan shafa garin sukari da ta kwaɓa da bota da madara. Duk ƙarshen mako take yi tun muna yara, kuma ba ta taɓa barin kowa ya sa mata hannu ba. Namu ci ne da faɗa a kan wa zai lashe kwanon. Haɗin yana nan da rubutunta a wata takarda da ta manna a bayan ƙofar kabad, duk ta yi dabbare-dabbaren maiko. Ta rubuta awon komai, har ɗan gishirin da ake sawa. Da ta zo kan lokacin gashi kuwa, abin da ta rubuta kawai shi ne: a cire in ya yi.

Baba ya sa tabarau ya karanta takardar sau biyu. Awo bai ba shi wahala ba ko kaɗan. Ya cika kofi da fulawa ya share samansa da bayan wuƙa, ya murza bota da sukari har suka yi fari, ya fasa ƙwai ba tare da ɓawo ko ɗaya ya faɗa ba. Kwaɓi ai sana'arsa ce. Ya murza ƙullin a kan tebur, ya sunkuya ya kanne ido ɗaya yana duba ko kaurin ya zo daidai ta kowane gefe, ya yanka da bakin kofi, ya jera a tire sahu-sahu. Ni na kunna masa obin, na'urar gashin, don bai san inda makunnin yake ba.

Bayan ɗan lokaci ƙamshi ya tashi. Ya buɗe obin, ya danna ɗaya da ɗan yatsa, yatsan ya lotsa.

“Bai kama ba,” ya ce, ya mayar ya rufe.

Ya sake dubawa, ya sake mayarwa. Sai da ya danna ya ji tauri sannan ya gyaɗa kai ya fito da su. Sun yi ja, gefensu ya yi baƙi-baƙi, da suka huce kuma suka zama abin da za a iya daɓe tsakar gida da shi. Na gwada gutsirar ɗaya na ji tsoron haƙorina.

Ya ce wutar ce ta yi yawa. Na rage. Tire na biyu ya fito bai ƙone ba, amma taurin na nan yadda yake.

“Baba, kana daɗewa da su ne. Ka cire da wuri.”

“In cire abu ɗanye?”

“Nata ai masu laushi ne.”

“Laushi daban, ɗanye daban. Shekara arba'in ban taɓa miƙa wa mutum aiki da danshinsa ba, ba kuma a kan uwarku zan fara ba.”

“To ai sai ka yi ta gasa mana bulo har Litinin ta yi.”

Maganar na fita na yi da-na-sani. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, fulawa ta ƙara ɓata gilashin, ya mayar haka nan. Sai a lokacin na lura rigar da take masa daidai a da ta yi masa yawa. Ashe shi ma kwana taran nan ba wani cin kirki yake yi ba, ni kuwa ban ko kula ba.

Muna tsaye haka muka ji bugu daga falo. Muka fita a guje. Umma ce take dukan hannun kekenta da hannunta na hagu. Na duba matashinta, na duba ƙafarta, na tambaye ta ko banɗaki take so. Ta ture hannuna, ta nuna ƙofar kicin.

Na tura ta har bakin tebur. Ta bi kicin ɗinta da kallo a hankali: fulawa a ƙasa, ɓawon ƙwai a kan murfin tukunya, mijinta fari fat har gira. Ta miƙa hannu ta ɗauki biskit ɗaya daga tire na biyu, ta ƙwanƙwasa shi a ƙarfen keken. Ya yi ƙara. Ta ɗago ta dubi Baba. Wannan kallon na san shi tun ina ƙarama, shi take yi wa duk wanda ya wanke kwano ya bar maiko. Rabona da ganin wani abu a fuskarta ban da gajiya tun ranar da ta faɗi.

“Na sani,” in ji Baba a hankali. “Ba sai kin faɗa ba.”

Sauran ƙullin na tire ɗaya ne kawai. Ya murza, ya yanka, ya jera, ya nuna mata kafin ya saka. Ta gyaɗa kai. Umma ba ta kalli obin ba, ba ta kalli agogo ba, ta lumshe ido ne kawai, hancinta na ɗan motsi. Ƙamshi ya fara tashi, na bota da sukari, mara ƙarfi. Ni ban ma ɗauka an yi nisa ba sai na ji ta bugi keken.

Baba ya buɗe obin ya leƙa. Farare ne har yanzu, sun dai kumbura. Ya danna ɗaya, yatsansa ya bar gurbi.

“Injiniya, ɗanye ne. Dubi.”

Ta sake bugu.

“Minti biyu kawai. Ya ɗan kama.”

Ya kama murfin zai rufe. Sai wani sauti ya fito daga bakinta, da ƙyar, a karkace, amma mun ji shi.

“Ci… re.”

Hannun Baba ya tsaya a kan murfin. Na ga yadda abin ya yi masa wuya. Duk abin da ya sani a rayuwarsa yana ce masa aikin nan bai ƙare ba, kuma wannan ne ƙullin ƙarshe. Ya dubi biskit, ya dube ta. Sannan ya naɗe tsumma a hannu ya jawo tiren ya ajiye a kan tebur, fuskarsa kamar wanda aka sa ya yi laifi.

Ta ɗaga tafin hannu, alamar a jira. Muka jira. Da suka sha iska ya sake taɓa ɗaya, ya ɗaga shi. Bai karye ba, bai lanƙwashe ba. Ƙasansa ya ɗan yi ruwan zuma, samansa fari, ga laushi.

“Ashe a waje yake ƙarasawa,” ya ce. Ya juya shi a tafin hannunsa yana mamaki. “To ai siminti ma haka yake. Sai ka bar shi ka tafi gida yake kamawa. Ni da na san wannan tun ina lebura.”

Shafin sukarin kam ba wanda ya koya masa. Ya kwaɓa garin sukari da bota da ɗan madara, ya ɗebo da wuƙar shafa bota, ya aza, ya ja sau ɗaya, ya zagaye gefen. Sumul, ko layi babu. Umma kanta nata bai taɓa yin wannan kyan ba, ko da yake ba zan faɗa a gabanta ba. Na gwada shafa ɗaya, ya karɓe wuƙar daga hannuna ya ce da a wurin gini ne da tuni ya sallame ni.

Ana gamawa na ɗauki ɗaya da sauri, na ɓalli ɗan ƙarami, na kai bakin Umma.

“Haɗiye wannan kawai, Umma. Ɗan wannan.”

Ta datse leɓe. Ta juya fuska.

Duk wahalar nan, duk ƙamshin nan, mun koma inda muka fara, ga Litinin saura kwana biyu. Na ji kuka na taso mini tare da faɗa, ban san wanda zai riga fita ba.

Baba ya karɓe guntun daga hannuna ya ajiye gefe.

“Ba haka ake yi ba, Auta.”

Ya ɗauko faranti mai tsabta, ya zaɓi guda uku mafiya kyau ya jera, ya ɗora a cinyarta ta wajen hannun hagu. Ya ja da baya taku biyu, ya karkaɗe rigarsa, ya haɗa hannuwansa a baya. Na taɓa ganinsa a wannan tsayuwar sau ɗaya, ranar da na kai masa saƙo wurin gini ana zagayen duba aiki.

“Ranki ya daɗe,” ya ce, “an kammala. A duba.”

A nan na gane abin da na yi kwana tara ina yi. Na wanke ta, na juya ta, na yi ta tura mata cokali, amma ko sau ɗaya ban tambaye ta komai ba. Matar da ta yi shekara arba'in ba a ɗaga cokali a gidan nan sai da saninta, na mayar da ita baki kawai da za a cika. Kunya ta kama ni har na kasa kallonta.

Umma ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta ɗauki ɗaya. Ta juya shi ta duba ƙasansa. Ta danna gefensa da babban yatsa. Ta ɓalle shi a kan farantin ta leƙa cikinsa. Daga nan ta ɗaga rabin zuwa bakinta. Hannun hagu bai saba ba, ya kauce, sukarin ya shafe mata kunci. Na yunƙura zan taimaka, Baba ya riƙe mini wuyan hannu, ya riƙe da ƙarfi.

A karo na biyu ta samu. Ta gutsira. Ta yi ta taunawa a hankali ta gefe ɗaya, idonta a sama, tana nazari. Na zuba wa maƙogwaronta ido har na ga ya motsa. Ta kai sauran rabin.

Ta yi magana ba mu gane ba. Ta ɓata rai ta maimaita.

“Gishiri.”

“Ya yi yawa?” in ji Baba.

Ta girgiza kai.

“Ya yi kaɗan?”

Ta gyaɗa. Ta huta, ta tattaro ƙarfinta, ta ƙara da kalma biyu.

“Gobe… sake.”

“Wato aikin bai karɓu ba ke nan.”

Ta girgiza kai, bakinta cike. Baba ya ce, “To, ranki ya daɗe.” Ya juya mana baya ya buɗe famfo, ya yi ta wanke hannun da ba abin da ya rage a jikinsa, kafaɗunsa na rawa. Na miƙa hannu zan gyara mata farantin kada ya zame. Ta buge mini yatsu, ta jawo shi jikinta, ta ɗauki na biyu.