Yatsan Marigayiya

Ranar Talata aka rufe layin wayar Tafinta. Ya danna da safe, wata murya mai ladabi ta ce mai layin ya zo ofishin kamfani a sake ɗaukar hoton yatsansa.

Mai layin kuwa tana kabari. Shekarun baya, da aka fara cewa a yi wa layuka rajista, Tafinta ya leƙa ya ga mutane jere har bakin titi, ya ce shi ba zai tsaya cikin rana don a tabbatar masa shi ne shi ba. Matarsa ta ɗauki wayoyin biyu da kujerar roba ta je ta wuni, ta dangwala yatsanta a nata da nasa. Ta dawo tana yi masa tsiya, wai daga yau duk maganar da zai yi da izininta ne.

Aikinsa fassara a manyan taruka. A sa shi cikin ɗan ɗakin gilashi a bayan zaure, baƙi masu ba da rance su yi magana, shi ya juye wa 'yan ƙasa. Ya juye "tsarin zamani", ya juye "shaida ɗaya ga kowa", ya juye "ba wanda za a bari a baya" har bakinsa ya iya faɗa ko hankalinsa na wani wuri. A irin wannan taro yake ranar da matarsa ta kira shi daga asibiti. Wayar ta yi ta karkarwa kusa da kofin ruwa. Minista na tsakiyar jawabi, tafinta kuma ba ya barin magana a rataye. Ta bar saƙon murya. Kafin a tashi cin abinci ta cika.

Bai taɓa sauraron saƙon ba. 'Yarsa ta yi ta fama da shi, har ta ce ya ba ta ita ta ji. Ya ce mata muddin bai buɗe ba, uwarta ba ta gama magana ba. Kullum yakan kira akwatin saƙo, a ce masa yana da sabon saƙo ɗaya, ya kashe. Da wannan yake karya kumallo.

Ofishin kamfanin akwai sanyin na'ura da kujeru masu haɗe da juna, ga hoton wata tsohuwa a bango tana dariya da waya a kunne. Ma'aikaciyar da ya samu, sa'ar 'yarsa, ta karanta takardar shaidar mutuwa har ƙarshe, ta yi masa ta'aziyya, ta juyo masa da fuskar kwamfuta ya gani da idonsa: ko yatsa ya dace, ko bai dace ba. Waɗanda suka tsara abin ba su tanadi gurbin wanda ya mutu ba. Da alama a ƙasarsu ba a yi.

Aka kai shi wurin manaja. Manajan ya ce abin ba a hannunsu yake ba, umarni ne daga sama. Tafinta ya san saman, ya ma san saman saman: sharaɗin sakin kashi na biyu na rancen ne, kowane layi a ɗaure shi da yatsa mai rai. Da bakinsa ya juye wannan sharaɗi, aka tafa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ya ce ba layin yake roƙo ba, a buɗe masa akwatin ya ji abu ɗaya, su rufe abinsu.

"Baba, ko ni ban isa ba," in ji manajan. "Lambar za mu iya mayar maka da sunanka yau ɗin nan. Amma akwatin sabo zai zo. Doka ta hana a ba wani saƙon da ke layin wani. Kare sirri ne."

"Wato an kare ta daga ni."

Manajan ya gyara zaman alƙalaminsa, ya ce in aka bar lambar ma, ƙarshen wata za a goge a sayar wa wani.

Tafinta ya miƙa babban yatsansa. Na'urar ta karɓa nan take, har da ɗan haske kore.

A gida ya zauna a kujerarsa ta karatu, ya kira akwatin. Murya mai ladabi ta ce ba shi da saƙo. 'Yarsa, tana tsaye bakin ƙofa da tiren shayi, ta ce wataƙila dai uwarta tabaraunta take so ya kawo mata, ko ya biya ya sayo lemo. Ya ce wataƙila.

Amma farkon saƙon ya san shi, don duk maganar marigayiyar da shi take farawa. Tana ninke kaya a bakin gado, shi kansa na cikin littafi, ta ce, "Malam, kana ji na?" Shi kuma ya ce "uhm", ya juya shafi. Zaman aure guda, amsar ke nan.

Ya rufe littafin da ke cinyarsa, ya ɗago kai ya dubi bakin gadon. Abin da ya tanada zai faɗa ranar da ya buɗe saƙon bai fi ƙarfin kowa ba: ina jin ki, faɗi.